Ka biya kuɗin jana'izarka a wata ƙasa, ga shi za ka tashi: abin yi kafin ka ɗaure kaya

A Damagaram ba a sayar da jana'iza. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa masa likkafani, an sallace shi a ƙofar gida ko masallacin unguwa, an ɗauki makara. Samari sun riga sun tafi haƙa, maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi, wani ya ba da mota. Abin da ake kashewa wajen suturar sau da yawa bai kai na abincin zaman makoki ba. Shi ya sa in ka ce wa dattijon Birni ko Zango akwai ƙasar da mutum ke biyan kuɗin binne kansa wata-wata tun yana da ƙarfinsa, sai ya kama baki.

Ƴan uwanmu da suka daɗe a Faransa, Beljiyam, Ingila ko Amurka kuwa sun san dalili. A can gawa tsada gare ta: akwati, mota, fili a maƙabarta, takardu, in kuma gida za a kawo ta, ga kuɗin jirgi. Da yawa sun shiga inshora ko asusun ƙungiya don kada su bar wa ƴaƴansu bashi, kuma sun kyauta. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, wannan tanadi a ɗaure yake da wuri, wato adireshin da ka bayar, da garin da kake zaune, da ƙasar da aka rubuta a takarda. Kai in ka tashi, shi ba lallai ya bi ka ba. Zan fi tsayawa kan Faransa, don dokokinta a kan wannan a fayyace suke, kuma da harshen da masu karatunmu ke iya dubawa da kansu.

Mataki na farko: fito da takardar ka ga me ka saya

Mutum zai ce maka yana da inshorar mutuwa, in ka karɓi takardar ka duba sai ka tarar abin da ya saya dabam, abin da yake zato dabam. Iri uku ne suka fi yawo a hannun mutanenmu.

Akwai ta kuɗi zalla, wadda ake rubuta wa «contrat en capital». Kana zubi, ranar da ka rasu kamfani ya ba wanda ka ambata wani adadi da aka yanke tun farko, a ce yuro 4,000. Ita ta fi jure tafiya, sai dai tana da wani sharaɗi da ke cije wa masu dawowa gida, zan zo kansa.

Akwai ta hidima, «contrat en prestations». A nan ka zauna da wani kamfanin jana'iza kun rubuta komai: irin akwati, wanka irin na Musulunci, mota, maƙabartar da za a kai ka. Kamfanin yana wani gari takamaimai, farashinsa na garin ne, tazarar da motarsa za ta yi ba tare da ƙarin kuɗi ba a ƙidaye take. Ita ce ƙaura ta fi girgizawa.

Sai ta kai gawa gida, «assurance rapatriement», wadda baƙi Musulmi suka fi sani. Kuɗinta na shekara ba su da yawa, amma ba ajiya ba ce. Shekarar da ka biya ita kaɗai aka ɗauke maka. In ta wuce kana raye, kuɗin sun tafi, ba a mayar da ko dala. Wanda ya shekara ashirin yana biya, sannan ya dawo Damagaram da ƙafarsa, sai ya gode wa Allah, amma kada ya sa ran karɓar wani abu daga gare su.

Ban da waɗannan akwai asusun ƙungiyar ƴan gari ko na masallaci, inda ba kamfani, sai littafin ma'aji da amana. Akwai kuma waɗanda suka biya fili a maƙabarta. Shi wannan takardarsa dabam ce, daga ofishin magajin gari take fitowa, ba daga kamfanin inshora ba.

Wani zai ce ai inshorar ma akwai magana a kanta. Akwai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta taimakon juna ce ta halatta, wasu malamai kuma sun yi sassauci ga mazauna ƙasashen da lalura ta tilasta. Wannan tsakaninka da malaminka ne. Ni da wanda ya riga ya zuba kuɗinsa nake magana, don barin su su salwanta ba shi ne tsoron Allah ba.

Mataki na biyu: inda za ka sa ido

Ba sai ka karance shafukan duka ba. Ɗauki biro ka nemi wurin da aka yi maganar mazauni da iyakar ƙasa, galibi ƙarƙashin «résidence» ko «territorialité». Nan za ka ga ko sharaɗi ne sai kana zaune a Faransa, da kuma ko ana biya in rasuwar ta faru a waje. Kusa da shi akwai tsawon zaman da aka yarda ka yi a wata ƙasa. Kwangiloli da yawa na taimakon matafiya kwana 90 a jere suke yankewa. Sannan ka nemi teburin «valeur de rachat», wanda ke nuna abin da za a mayar maka in ka fasa, shekara bayan shekara. Sai sunan wanda za a ba kuɗin. Na ƙarshe, lokacin jira na farkon kwangila, «délai de carence», wanda yakan kai shekara ɗaya, a wasu tsofaffin kwangiloli har biyu, ga wanda ciwo ya kashe. Wannan yana da muhimmanci ga mai tunanin soke tsohuwa ya ɗauki sabuwa a inda ya koma: sabuwar daga farko za ta soma ƙidayar jira, kuma farashinta da shekarunka na yau za a yanke shi, ba da na lokacin da ka shiga ta farko ba. Kada ka saki tsohuwa sai sabuwa ta fara aiki.

In takardar ta ɓata, rubuta musu su aiko da kwafi da adadin da ka tara zuwa yau. Haƙƙinka ne.

Mataki na uku, in daga gari zuwa gari ne cikin ƙasa ɗaya

A ce daga Liyon ka koma Marsai wajen ɗanka. Doka tana bayanka. Tun dokar 9 ga Disamba 2004, duk kwangilar hidimar jana'iza a Faransa dole ta ba mai ita damar sauya kamfanin da zai yi aikin, da irin jana'izar, da wanda ya wakilta ya tsaya a kai, muddin yana raye. In hidimar da ka koma wa daidai take da ta farko, kuɗin gyaran takarda kawai za su caje ka, kuma kamfanin da ya hana wannan tarar yuro 15,000 ke jiransa. Sai ka nemi kamfani a sabon garin wanda ya san aikin Musulmi, ka karɓi farashinsa a rubuce, ka kwatanta da abin da ka tara. In akwai giɓi, gara ka sani yanzu da a sanar da ƴaƴanka ranar da suke kuka.

Abin da ya fi kamfani wuya shi ne kabarin. A dokar Faransa, gari bai zama dole ya ba ka wuri a maƙabartarsa ba sai in a nan ka rasu, ko a nan mazauninka yake, ko danginka na da kabarin iyali a nan, ko kuma kai Bafaranshe ne mazaunin waje da ke cikin rajistar zaɓen garin. To ka ga wanda ya bar garin da ke da ɓangaren Musulmi a maƙabarta ya koma wanda ba shi da shi, ya rasa haƙƙinsa na can, sai in magajin garin ya ga dama. Ware wa Musulmi ɓangare ma ba wajibi ba ne a kan kowane gari, ikon magajin gari ne. Maƙabartun da suke na Musulmi zalla ƙalilan ne, irin ta Bobigny da aka buɗe a 1937 da ta Strasbourg ta 2012. Don haka tun kafin ka sa hannu a takardar hayar sabon gida, tambayi masallacin garin inda suke kai nasu.

Wanda ya riga ya biya fili, filin na nan da sunansa har wa'adinsa ya cika, ko shekara 15 ne, ko 30, ko 50. Ba a sayar wa wani. Abin da za ka iya shi ne ka roƙi garin ya karɓi abinsa in ba a binne kowa a ciki ba. In sun yarda suna iya mayar maka da wani kaso, in sun ƙi ba yadda za ka yi.

Na Ingila su sani cewa tun 29 ga Yuli 2022 hukumar kula da harkokin kuɗi, FCA, ce ke sa ido kan masu sayar da irin wannan tsari, bayan kamfanin Safe Hands ya durƙushe a wannan shekarar ta 2022 tare da kuɗin mutum wajen 46,000, kuma yawancin tsare-tsaren jana'izar cikin ƙasar kawai suke ɗauka. Na Amurka, ko a Bronx kake ko Greensboro, kowace jiha da dokarta. Abin dubawa shi ne ko kwangilarka irin wadda ake iya sokewa a karɓi kuɗi ce, ko irin wadda aka kulle, sai dai a sauya mata kamfani.

Mataki na huɗu, in Damagaram za ka dawo gaba ɗaya

Nan ne aka fi yin asara, kuma a shiru ake yin ta.

Inshorar kai gawa gida ta gama aikinta ranar da ka sauka da niyyar zama. Soke ta a rubuce, ka duba wa'adin da suka sa na sanarwa kafin shekara ta zagayo, in ba haka ba za su ci gaba da cirar kuɗi a banki kan abin da ba zai amfane ka ba. Amma ka lura: in iyali guda aka rubuta a ciki, matarka ko ƴaƴanka da suka rage a can suna bukatarta. Sai a cire sunanka a mayar da ita kan ɗaya daga cikinsu, kada a rushe ta duka.

Ta hidima kuwa ta zama kamar wanda ya biya hayar rumfa a Kasuwar Dole alhali ya koma Agadas da zama. Akwatin katako da baƙar mota ba su da aiki a nan. Rubuta musu ka nemi a mayar da ita ta kuɗi zalla, a cire sunan kamfanin jana'izar a sa na mutum.

To ga sharaɗin da na ce yana cijewa. Tun dokar 26 ga Yuli 2013, kuɗin kwangilar jana'iza a Faransa dole a fara kashe su kan jana'izar kanta gwargwadon abin da ta ci, saura ne ke zuwa ga wanda aka ambata. Saboda haka kamfani yakan nemi rasit na jana'iza kafin ya saki kuɗi. Wane rasit ne a Damagaram? Mai alawayyo a kasuwa ya yanko yadi ya naɗe ya miƙo, wataƙila ma ya ce a bar kuɗin sadaka ce. Masu haƙa ba su da tambari. Mai wanka lada yake nema. Yuro 4,000, a kan canjin da ba ya motsi na sefa 655.957 kowane yuro, ya haura sefa miliyan 2 da jikka 600, kuma ba suturar da za ta ci ko kusa da haka a garin nan. Saboda haka kafin ka taso, yi musu tambaya a rubuce, su amsa a rubuce: in na rasu a Nijar, inda ba kamfanin jana'iza, wace shaida za ku karɓa a madadin rasit, kuma wa za ku ba ragowar? Amsar nan ka adana ta tare da kwangilar. Wanda ya yi maka bayani a waya yau, gobe ba shi ne a kujerar ba.

Daga amsarsu za ka zaɓi ɗaya cikin uku. Ko ka ci gaba da zubi. Ko ka tsayar da zubi su rage adadin da za su biya daidai da abin da ka tara, abin da suke kira «mise en réduction». Ko ka fasa ka karɓi abin da teburin ya nuna. Wanda ya biya gaba ɗaya tashi guda, ko ya gama zubinsa na shekara goma, a ganina ya bar ta kawai, tun da ba ta cin masa komai. Wanda ya fi bukatar ya zauna da alƙalami shi ne mai zubin har mutuwa, don irin wannan in rai ya yi tsawo sai ka zuba fiye da abin da za a ba magadanka, kuma in ka fasa abin da ake mayarwa yakan gaza abin da ka zuba nesa ba kusa ba. Ga dattijon da ya dawo gida yana cin fansho, tsayar da zubi ya fi sauƙin haɗiya. In kuma ka fasa ka karɓa, ware na sutura da bashi ka danƙa wa amintacce da shaidu, kada su narke cikin ginin gida.

In ci gaba za ka yi, kula da banki. Yawancin kwangilolin daga asusun banki na Turai suke cirar kuɗinsu, Nijar kuma ba ta cikin wannan tsarin cira. Mutum ya rufe asusunsa ranar da zai taso, ko ya bar shi ba kuɗi. Wata ya zagayo, cira ta ƙi. Dokar inshora ta Faransa ta ce in kwana 10 suka wuce ba a biya ba, kamfani ya aika wasiƙa mai rajista, in aka ƙara kwana 40 daga ranar aikawa ba a biya ba, ya soke kwangilar ko ya rage ta. Wasiƙar kuma ina za ta? Tsohon gidanka, inda wani ne yanzu a ciki, ya ga sunan da bai sani ba ya mayar wa mai kawo wasiƙa. Kai kana Sabon Gari kana shan shayi da abokai, ka ɗauka komai na tafiya, alhali cikin kwana 50 zubin shekaru ya lalace. Maganinsa ba wuya: bar asusu ɗaya a buɗe wanda fansho ke shiga, ka sanar da bankin cewa ka koma waje, ka ba kamfanin inshora adireshin ɗa ko ɗan uwa da ke can wanda ke buɗe wasiƙa, haɗe da imel da lambar waya mai WhatsApp. Duk wannan ta wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, kuma ka ajiye ɗan katin da ke dawowa.

Mai ƙafa ɗaya can ɗaya nan

Dattawa da yawa ba su dawo ba, ba su kuma zauna ba: sanyi ya shigo su taho gida, zafi ya matso su koma ganin likita. Su ne sharaɗin kwana 90 ya fi kamawa, sai su ƙidaya kwanakinsu da kyau. Su kuma duba inda alkawarin kai gawa ya tsaya. Wasu kwangilolin filin jirgin ƙasa da ƙasa suka ce, wato na Diori Hamani a Yamai, ba wurin binnewa ba. Daga nan zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, kuma motar da za ta ɗauki akwati mai rufin ƙarfe a wannan hanya wani ne zai biya ta. Hanyoyin jirgi ma sun sauya tun da Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta 2023, don haka tambayi kamfanin ta ina yake bi da gawa yanzu, kuma kwana nawa abin ke ɗauka.

A nan ya kamata mutum ya sake tambayar kansa ko dole ne a kawo shi. Sunna ita ce gaggauta jana'iza, malaman Malikiyya kuma sun yarda a ɗauki mamaci zuwa wani gari in akwai maslaha kuma ba za a keta alfarmarsa ba. A 2020, da annoba ta rufe iyakoki, Musulmi da yawa da suka shekara suna biyan kuɗin komawa gida a Faransa aka binne su. Rubuta zaɓi na biyu: in kawowa ta gagara, a ina kake so a sa ka.

Asusun ƙungiya

Wannan ya shafi har wanda bai taɓa hawa jirgi ba: malamin makaranta da aka sauya wa wurin aiki daga Damagaram zuwa Tawa, ɗan kasuwar da ya koma Kano, mai aiki a Arlit da ya yi ritaya ya dawo. Kusan kowace ƙungiyar ƴan gari tana da zubin taimakon rasuwa, kuma kusan kowacce dokarta a baki take ko a wani littafi da ke hannun ma'aji. Kafin ka tashi, halarci taro ka yi tambaya a gaban jama'a: wanda ya bar gari yana nan cikin asusu in yana aiko da zubinsa? Wata nawa ne in mutum bai zuba ba ake cire shi? Taimakon na ɗaukar gawa ne kawai, ko ana ba iyali ko a ina aka rasu? A rubuta amsar a littafi da kwanan wata. In za ka riƙa aikowa ta Nita ko Al Izza, ajiye ƴan takardun, ka ɗauki hotonsu, don tawadarsu gogewa take. Ma'aji na sauyawa, kuma sabon bai san alkawarin da tsohon ya yi maka a bakin masallaci ba.

Mai likkafaninsa a ajiye, irin wanda alhazai ke zuwa da shi, ya sa shi cikin kayan da zai tafi da su, ya kuma nuna wa mutum ɗaya akwatin da yake ciki.

Mataki na biyar: wa ka rubuta, kuma wa ya sani

Sunan da ka sa shekara goma sha biyar da suka wuce wataƙila na matar da kuka rabu ne, ko na abokin da ya riga ka. Sauya shi. Rubuta cikakken suna da ranar haihuwa da wurin haihuwa, ka sa na biyu in na farko ba ya nan. Ga wanda ya dawo gida, abin da ya fi aiki shi ne a ambaci ɗa ko ƴa da ke da asusun banki a can, don turo kuɗi daga kamfani kai tsaye zuwa Nijar yana jan lokaci da tambayoyi.

Sai dai ka san wannan: a dokar Faransa kuɗin da aka ba wanda aka ambata ba sa shiga gado, a nan kuwa magada dukiyar mamaci za su ɗauke su, wadda ake fitar wa sutura, sannan bashi, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, miliyan biyu da suka faɗa hannun ɗan ɗaki ɗaya sun isa su raba zumunci. Zauna da malami da shaidu biyu a rubuta cewa wanda aka ambata wakili ne, zai karɓo ya kawo a bi da su yadda shari'a ta tsara.

Wahalar ita ce buɗe maganar. Ƴaƴa na jin nauyi, kada a ce suna yi wa tsoho fatan mutuwa. In ɗa ya ce, "Baba, Allah ya ƙara nisan kwana, takardar nan da kake biya a Liyon, sunan wa ke ciki?" amsar da zai samu ba ta wuce, "Kai dai bari, Allah ya sa mu cika da imani." To kada ya ja. Ya samu baffansa ko limamin unguwa, wanda zai iya cewa, "Alhaji, abin nan amana ce a wuyanka, ka fito da ita yara su gani." Daga bakin sa'a maganar ba ta da ɗaci.

A yi kwafi uku na komai: ɗaya a gida Damagaram, ɗaya wajen wanda ke can, ɗaya hoto a waya.

Mataki na ƙarshe, na waɗanda aka bari

Ba wanda zai jinkirta jana'iza a nan don jiran kamfani, kuma bai kamata ba. A yi sutura da abin da ke hannu, kuɗin can daga baya suke zuwa. Amma ba sa zuwa sai da takarda, mu kuma mun saba binnewa ba tare da ita ba. In a asibiti aka rasu, a karɓi shaidar likita kafin a fito da gawa. In a gida ne, a samu ma'aikacin lafiya ya tabbatar, a sanar da mai unguwa. Sannan a je ofishin magajin gari na gundumar da aka rasu, cikin gundumomi biyar na birnin, a yi rajistar rasuwa a karɓi takardar mutuwa, kwafi da yawa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. In suka wuce sai an bi ta kotu, da shaidu da jeka-ka-dawo. A ɗora wa mutum ɗaya wannan aikin tun ranar sadakar uku, tun ƴan uwa ba su watse ba. Wasu kamfanonin suna neman takardar likita mai nuna ko ciwo ne ko haɗari, ita kuma tana wuyar samu bayan an kwana biyu.

Wanda zai je ya tafi da fasfo ko katin zaman mamacin na can, ya tsaya a kan mai rubutu harafi bayan harafi. Mutum ɗaya sai ka ga Mahamadou a fasfo, Mamane a katin ɗan ƙasa, Mahaman a bakin ƴan uwa. Wanda aka rubuta wa an haife shi wajajen 1950 a tsohuwar takarda, a Turai an mayar da shi 1 ga Janairu ko 31 ga Disamba. Mu mun san mutum ɗaya ne, ma'aikacin da ke duba fayil a can bai sani ba, kuma harafi guda ya isa ya tsayar da biya wata da watanni. Sa'ar da aka yi, takardunmu da Faransanci suke fita, ba sai an fassara wa Faransa ko Beljiyam ba; na Ingila da Amurka ne za su nemi fassara mai tambari. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi a farkon 2024, don haka duk abin da ke bukatar bin sawu, ɗan uwan da ke can ne zai fi saurin yin sa.

In kuma tsoho ya rasu ana jin yana biyan wani abu amma ba a ga takarda ba, akwai hukumar AGIRA a Faransa. Ana cike buƙata a shafinta na intanet kyauta, a haɗa da takardar mutuwa, ita kuma ta tambayi kamfanonin inshora ko akwai kwangila da sunansa. Kuɗin da ba wanda ya nema, bayan shekara 10 kamfani yana miƙa su ga Caisse des Dépôts, ma'ajiyar kuɗi ta gwamnati, inda ake iya binciko su ta shafin Ciclade har tsawon wasu shekaru 20, daga nan su zama na gwamnatin Faransa. Wanda mahaifinsa ya yi aiki a can ya rasu a gida shekarun baya, ya gwada sunan da kowane irin rubutu da aka taɓa yi masa.